Bin sawun matsalar FM a tsohon rediyon sitiriyo

Rediyon ƙirar Japan ne, na tsakiyar shekarun 1970, irin mai farar fuskar alminiyam da dogon gilashin lambobi, wanda aka haɗa masa amfilifaya a akwati ɗaya. Zamani ne da kamfanoni irin su Pioneer da Sansui da Kenwood da Yamaha suke ta gasar fitar da irinsa, kowa na nuna bajintarsa wajen kama tasha. Da ya zo hannuna, AM na aiki lafiya lau. In na jona masa kiɗa ta baya, sauti na fita garau a sifika biyu, babu dushewa babu gunji. FM ne kaɗai ya ƙi.

Ba mutuwa ya yi ɗungurungum ba, da ma hakan ne da an fi saurin gano bakin zaren. Rabi da rabi yake aiki. In ina murɗa mamurɗin neman tasha sai in ji ƙaras-ƙaras a sifika, allurar agogon sigina tana tsalle tana faɗuwa ko da ban bar tashar ba. Daga 92 zuwa ƙasa kuwa babu komai, sai ka rantse babu tasha ko ɗaya a wurin. In na danna makunnin shiru, wanda aikinsa toshe ƙarar shuu tsakanin tashoshi, sai ya toshe har da tashoshin. Inda sauti ya fi daɗi, allurar agogon tsakiya, wadda ke nuna ko an kama tasha daidai, ba ta tsakiya, ta karkata dama. Ga kuma 'yar fitilar sitiriyo: da sanyin kunnawa tana kamawa, amma in rediyon ya ɗau ɗumi na canza tasha, shi ke nan, ba ta sake haskawa.

Na rubuta waɗannan duka a takarda kafin in kwance ko da sukuru ɗaya. Dalili kuwa, alamomi da yawa ba lalle su fito daga ciwo ɗaya ba, kuma in ba a rubuta ba, mutum zai gyara ɗaya ya manta yadda sauran suke tun farko, ya kasa sanin ko ci gaba yake ko baya.

Sai da na zauna da taswirar da ke cikin littafin gyaransa na bi hanyar da sigina take bi. Tana shigowa ta eriya, tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108. Sashen farko ya zaɓi tashar ya ƙara mata ƙarfi. A gefensa akwai osileta mai kaɗa tata igiyar, galibi sama da tashar da megahaz 10.7, in tasha tana kan 98.0, ita tana kan 108.7. Miksa ta gauraya su ta fitar da bambancin, wato 10.7, kuma ko wace tasha ka kama sai an mayar da ita wannan lamba. Daga nan filtocin seramik su tace, aisi, wato ɗan guntun nan mai ƙafafu da yawa da ke ɗauke da tarin kayan lantarki a cikinsa, ya ƙara ƙarfi, ditekta ta zaro sauti daga cikin igiyar, dikoda ta raba hagu da dama. AM tasa hanyar daban ce, lambarsa ta tsakiya kilohaz 455. Saboda haka lafiyar AM ba ta wanke FM ba. Abin da ta wanke shi ne amfilifaya da sifika da duk abin da ke bayan makunnin zaɓi, kuma wannan ma ba ƙaramin sauƙi ba ne, rabin akwatin ya fita daga zargi.

Kafin hannu ya shiga ciki na cire fulogi daga bango, na sauke wutar da manyan kapasitoci biyu suke riƙewa ta hanyar resista, ba da bakin sukudireba ba. Suna iya riƙe wuta bayan an kashe rediyo, kuma tartsatsin da sukudireba zai tayar yana iya cin layin fanel. Duk lokacin da zan kunna shi a buɗe, na lura da inda wayar wutar gida ta shigo da inda fis yake, na nisanta hannuna da wurin.

Amma tun kafin buɗewar ma na fara da eriya, domin sau da yawa ana zargin rediyo alhali yunwar sigina ce ke damunsa. Wanda ya riƙe shi kafina ɗan guntun waya ya maƙala a baya. Na yi masa eriya mai hannu biyu: tsawon igiya a tsakiyar zangon FM ya ɗan haura mita 3, rabinsa kusan mita ɗaya da rabi, don haka kowane hannu ya kama wajen santimita 73 zuwa 75. A bayan rediyon akwai mahaɗa biyu, ɗaya an rubuta om 300 ta waya mai faɗi, ɗaya om 75 ta waya mai zagaye irin ta talabijin. Na jona a ta 75. Na kashe fitilun zamani na ɗakin, na zare cajojin waya, domin da yawansu suna watsa hayaniya a wannan zango, abin da babu shi lokacin da aka ƙera rediyon. Sannan na ajiye wani ƙaramin rediyo mai lambobin dijital a wuri ɗaya. Ƙaramin ya kama tashoshi a ƙasa da 92 ba tare da wahala ba. Babban bai ji su ba. To, laifin na ciki ne.

Gwaji na gaba kunne kawai yake buƙata. Na saki makunnin shiru, na sa shi a mono, na kai manuni inda babu tasha. Shuu mai ƙarfi ya cika ɗakin. Wanda bai sani ba zai ɗauka alamar lalacewa ce, nan kuwa albishir ne. Sashen 10.7 yana ƙara ƙarfin duk abin da ya samu har iyaka, in babu tasha sai ya ƙara hayaniyar da ke cikin kayan kansu. Jin wannan shuu da ƙarfinsa na nufin filtoci da aisi da ditekta suna raye. Da shiru na ji, ko wani siririn shuu can ƙasa, da can zan fara nema. Yanzu zargi ya koma gaba, wajen sashen farko da abin da ke ciyar da shi.

Akwai wani dattijo da ya shekara da shekaru yana gyaran irin waɗannan, na kira shi na zayyana masa komai. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, ka auna wuta?"

Na ce, "Tukuna, Baba. Ina duba ko saitin koyil ne ya goce." Koyil naɗaɗɗiyar waya ce da ake murɗa zuciyarta wajen saita rediyo.

Ya ce, "Yana gocewa da tsufa, amma kaɗan, ba ya kashe rabin zango. Auna wuta, ka goge datti, ka duba dalma. In ka fara da murɗa koyil, ciwo huɗu gare ka, za ka mayar da su biyar, kuma na biyar ɗin sai da na'urar da ba ka da ita."

Taswira ta ce layin da ke ciyar da fanel ɗin FM ya kamata ya nuna folt 13. Na ɗora maltimita, ta nuna 10 da ɗan ɗoriya, kuma ina kallo rediyon na ɗumama lambar na sauka a hankali. Osileta ba ta son haka ko kaɗan. In wutarta ta ragu, firikwensinta na gocewa, in ta ragu sosai sai ta daina kaɗawa a wani gefen zango, ta ci gaba a wani. Wannan ya yi daidai da mutuwar ƙasa da 92.

Sashen da ke daidaita wannan wuta ƙarami ne: tiransista guda mai ɗan ƙarfen shan zafi, dayod ɗin zena, da kapasitoci 'yan kaɗan. Fanel ɗin ya yi duhu a kewayen tiransistar saboda zafin shekara arba'in da wani abu. Da ido kawai dalmar lafiya take. Da na sa gilashin ƙara girma na haska da tocila daga gefe, sai ga wani siririn zobe ya kewaye ƙafa biyu daga cikin uku, tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba. Na taɓa tiransistar da bakin sandar roba, lambar maltimita ta yi tsalle zuwa 12 ta dawo. Na tsotse tsohuwar dalma gaba ɗaya na sa sabuwa. Ɗora sabuwa a kan tsohuwa rufe ciwo ne kawai. Kapasitar da ke jingine da ƙarfen zafin kuwa rigarta ta roba ta ja baya ta bar kanta a waje, kuma da na cire ta na auna, ba ta kai rabin abin da aka rubuta a jikinta ba. Ruwan cikin irin waɗannan yana bushewa, zafi kuma yana gaggauta bushewar. Na sa sabuwa mai ƙima ɗaya, wadda aka yi don jure digiri 105, na ɗan nisanta ta da ƙarfen. Wuta ta tsaya a 13 cak, da sanyi da ɗumi.

Tashoshin ƙasa suka dawo. Ƙaras-ƙaras bai tafi ba.

Nan ne na fi daɗewa, kuma nan ne nake ganin mutane suka fi yi wa tsofaffin rediyo illa da kyakkyawar niyya. Babbar kapasitar neman tasha jerin farantan alminiyam ce sirara, wasu a kafe, wasu a kan sanda mai juyawa, suna shiga tsakanin juna kamar haƙoran matsefi biyu ba tare da sun taɓa juna ba. Iska ce kawai a tsakaninsu. A nawa rukuni huɗu ne na FM, masu 'yan farantai kaɗan, da biyu na AM masu farantai da yawa. Yawan rukunan FM yana daga abin da ake auna darajar rediyo da shi a wancan zamani. Mai uku na talaka ne, mai huɗu ko biyar ya fi iya ware tasha daga maƙwabciyarta.

Farantan da ke juyawa dole su haɗu da gangar jikin kapasitar ta fuskar lantarki, kuma abin da ke haɗa su wasu 'yan yatsun tagulla ne masu danna sandar a tsakanin rukuni da rukuni. Da na leƙa, yatsun sun yi baƙi, gefensu kore-kore, tsohon girisi ya daskare a jikinsu ya kama ƙura. Na kashe rediyon, na sa maltimita a ma'aunin om, tsinke ɗaya a sandar, ɗaya a gangar jiki, na murɗa a hankali. Ya kamata ta zauna kusa da sifili ba motsi. Sai ga ta tana yawo, nan om biyu, can goma sha, wani wurin ta buɗe gaba ɗaya. A AM wannan ba ya nunawa sosai. A megahaz 100 kuwa ɗan wannan rashin haɗuwa ya isa ya girgiza osileta ya kuma rage ƙarfin sashen farko.

Abin da hannu ke kai wa da sauri shi ne gwangwanin feshin goge makunni, a fesa ko'ina. Kada a yi. Yawancin waɗannan feshi suna barin maiƙo, maiƙon in ya zauna tsakanin farantai ya maye gurbin iska, ƙimar kapasitar ta canza, tashoshi duka su matsa daga wurarensu, ƙura kuma ta samu wurin maƙalewa. Ni dai na yanka farar takarda mai ɗan kauri sirara-sirara, na jiƙa da sifirit mai tsabta wanda ba ya barin komai in ya bushe, na zura tsakanin yatsa da sanda, ina ja ina murɗawa. Takardar farko ta fito baƙa ƙirin. Na yi ta canzawa har ta riƙa fitowa fara. Sannan na ɗiga man goge makunni a bakin tsinken sakace, na taɓa kowane yatsa da ɗigo ɗaya tak, daidai inda yake gogar sandar, na murɗa daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa. Ƙurar tsakanin farantai da abin hura iska na roba na fitar da ita, ban sa burushi ba.

Wani abu da ya kamata a sani: farantan gefe suna da tsaga-tsaga, kuma za ka ga wasu ɓangarorinsu sun ɗan lanƙwashe. Ba haɗari suka yi ba. A masana'anta aka lanƙwasa su da gangan don rukunan su tafi tare daga farkon zango zuwa ƙarshensa. Wanda ya ga haka ya miƙe su da filaya ya rushe aikin da ba zai iya mayarwa ba.

Na bar ta ta bushe sarai kafin in kunna, domin ko sifirit ɗin ma, muddin yana tsakanin farantai, zai kawar da tashoshi na ɗan lokaci ya sa mutum ya ɗauka ya ɓata wani abu. Da na sake aunawa, maltimita ta kwanta kusa da sifili daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Na kunna. Mamurɗi na tafiya, tashoshi na shigowa suna fita sumul, allurar sigina na hawa da sauka a natse, kuma ta haura inda take tsayawa a da. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Makunnan gaba, na zaɓi da na mono da na shiru, su kam feshin ya dace da su. Na fesa kaɗan a cikin kowanne, na yi ta dannawa, na rufe kapasitar da takarda don kada ya fantsama kanta.

Da na gwada lambobin gilashi da na ƙaramin rediyon dijital, sai na ga manuni ya wuce kowace tasha da kusan tazara ɗaya, a ƙasa da tsakiya da sama. Kuskure iri ɗaya a ko'ina ba na osileta ba ne, na zare ne. Manunin a kan zare yake maƙale, da tsufa yakan zame. Na murɗa har farantai suka shige juna gaba ɗaya, na duba: akwai 'yar alama a farkon gilashin inda ya kamata ya tsaya, shi kuwa ya wuce ta. Na sassauta shi na matsar da shi kan alamar, na ɗiga ɗan gam. Lambobi suka daidaita. Da a ce a ƙasa daidai yake a sama ya kauce, to da maganar ta zama ta koyil da 'yar kapasitar saiti ta osileta.

Saura allurar tsakiya da makunnin shiru, kuma taswira ta nuna mini cewa abu ɗaya ne. Rediyon wancan zamani da yawa suna amfani da aisi guda, irin su CA3089 ko HA1137 ko LA1231, wanda ke ƙara ƙarfin 10.7 ya kuma zaro sauti da taimakon wani koyil a cikin gwangwani a gefensa. Daga wannan ditekta ne wutar da ke motsa allurar tsakiya take fitowa. A tsarin nawa, makunnin shiru yana duba abu biyu kafin ya buɗe: sigina ta yi ƙarfi, kuma an kama tashar a tsakiyarta. In koyil ɗin ya goce, inda sigina ta fi ƙarfi ditekta za ta ce ba a tsakiya ake ba, inda ta ce tsakiya ne kuma sigina ta riga ta fara faɗuwa ta gefen filta. Sharuɗɗan biyu ba sa haɗuwa, sai ya toshe komai.

Na duba filtocin seramik ɗin, 'yan ƙanana masu ƙafa uku, kowacce da ɗigon fenti a kanta. Ɗigon yana faɗin ainihin tsakiyarta: ja 10.70, shuɗi 10.67, ruwan lemo 10.73, baƙi 10.64, fari 10.76. Masana'anta na zuba masu launi ɗaya a rediyo ɗaya. Nawa duka ja ne, babu wanda ya taɓa canza su. Filta ba a saita ta, inda take nan take, saboda haka ditekta ce za ta bi ta.

Gwangwanin koyil ɗin yana da zuciya biyu ta ferait. Littafin gyara ya bambanta su: ɗaya ta kawo allura tsakiya, ɗaya ta rage gurɓatar sauti. Ta biyun ba a saita ta da kunne, sai da na'urar samar da sigina da ma'aunin gurɓata, don haka ban kusance ta ba. Ta farkon kuwa littafin ya ba da hanya mai sauƙi: a cire eriya, a tsaya inda babu tasha, shuu kaɗai ya rage, shuu ya bazu daidai a faɗin filta, saboda haka allura ta kamata ta zauna tsakiya. Tawa tana dama. Na bar rediyon ya ɗumama sosai, na ɗauki hoton yadda tsagar zuciyar take, na sa alama da fensir a bakin gwangwanin. Na ɗauko abin murɗawa na roba wanda ya shiga ramin daidai. Ƙarfe ba ya yi: kusantarsa kaɗai na canza saitin, kuma ferait gautsi gare shi, in ya tsage a ciki ya cije, koyil ɗin ya tashi daga aiki. Na murɗa a hankali ƙwarai, ko kwatan zagaye ban kai ba, allura ta taka ta zo tsakiya. Na zare hannu. Na mayar da eriya: inda allurar sigina ta kai ƙololuwa, nan ta tsakiya ta daidaita, makunnin shiru ya buɗe a kan tasha ya rufe a tsakani. Kaushin da nake ji a haruffa irin su "s" da "sh" a muryar masu labarai ya ragu ƙwarai.

Wannan ne koyil ɗaya tilo da na taɓa a duk aikin, bayan wuta ta daidaita, datti ya fita, kuma ina da hujjar da ta nuna shi.

Sitiriyo kuma labarinsa daban. Tsarin da hukumar sadarwa ta Amurka ta amince da shi a 1961, wanda ya fito daga kamfanonin Zenith da General Electric, an gina shi ne yadda rediyon mono ba zai zama tarkace ba. Tasha na aiko da hagu da dama a haɗe, kowa ya ji. Bambancin hagu da dama kuma ta ɗora shi a kan kilohaz 38, can sama da jin ɗan Adam, ta cire igiyar 38 ɗin kanta, ta aiko da rabinta a madadi, wani siririn sautin jagora a kan kilohaz 19. Aikin dikoda ta kama wannan jagora ta sake gina 38 daga gare shi. Dikodar nawa daga dangin MC1310 take: tana da tata osileta a kan kilohaz 76, ta raba biyu ta samu 38, ta sake rabawa ta samu 19, ta gwada da na tashar, in sun yi kusa ta maƙale masa ta kunna fitila.

Sai sun yi kusa. Tazarar da take iya miƙa hannu ta cafko jagora 'yar kaɗan ce, amma in ta riga ta kama, tana iya riƙewa har nesa da haka. Wannan ne ya fassara mini abin da na rubuta a takarda tun farko: da sanyi tana kamawa ta riƙe, in ta yi ɗumi aka canza tasha ta saki, ba ta iya sake cafkowa. Na jona ma'aunin firikwensi a wurin gwajin da littafin ya nuna, ba eriya, makunni a sitiriyo, domin a wasu rediyon danna mono yana kashe osiletar gaba ɗaya. Da sanyi ya nuna wajen haz 18,500, alhali 19,000 ake so, wato kilohaz 19. Da ɗumi ya gangara kusa da 18,200, yana rawa.

Abu uku ke tsayar da wannan lamba: resista, 'yar kapasita mai fikofarad 470, da ƙaramar resista mai murɗawa ta saiti. Na bi su ɗaya-ɗaya da feshin sanyi ta siririn bututu. Biyun farko ba su ce komai ba. Ina taɓa mai murɗawar lambar ta yi tsalle. Irin buɗaɗɗiyar nan ce, layin gawayinta a fili, harshenta ya yi baƙi. Na cire ta na sa rufaffiya mai ƙima ɗaya, irin mai zagaye da yawa, wadda ke ba da damar saiti a hankali. Na yi kaffa-kaffa da 'yar kapasitar da ke kusa, domin irin mai jikin roba garai-garai ce, zafin dalma na narkar da ita, kuma ita aka zaɓa musamman don ta daidaita canjin zafi. Bayan rediyon ya ɗumama na murɗa har ma'auni ya zauna a 19,000. Na mayar da eriya, fitila ta kama nan take, na bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya tana mutuwa a tsakani tana kamawa a kan kowace mai sitiriyo.

Game da wannan fitila, duk wanda tasa ta ƙone ya duba abin da littafi ya rubuta kafin ya canza. Aisin dikodar ne da kansa ke kunna ta, kuma ƙarfin da yake iya bayarwa kaɗan ne. Ƙwan da ya fi ƙarfinsa zai iya kashe aisin da ke aiki lafiya.

Akwai abubuwan da suka rage waɗanda ba ciwo ba ne, kuma na bar su yadda suke. Tashoshin nesa suna da shuu a sitiriyo, in na danna mono ya ɓace. Haka tsarin yake: a kan sigina mai rauni, sitiriyo na ƙara hayaniya da kusan desibel 20, shi ya sa aka sa makunnin mono a gaba inda hannu zai kai. Wata tasha mai ƙarfi kuma tana ɗan kaushi duk da allura ta cika. Wannan siginar ce ke isowa ta hanya biyu, kai tsaye da kuma bayan ta bugi gini ta dawo, kuma juya eriya kaɗan ya magance shi. A bayan rediyon na tarar da wani ƙaramin makunni mai lamba 50 da 75. Tashoshin FM suna ɗaga siririn sauti kafin su watsa, rediyo ya sauke shi daidai gwargwado. A Amurka ma'aunin maikurosakan 75 ne, a Turai da mafi yawan duniya 50. In makunnin bai dace da tashoshin da ake ji ba, sauti zai dushe ko ya yi tsini, kuma babu kapasitar da za a canza ta gyara wannan. Haka wanda ya samu rediyon da gilashinsa ya fara daga 76 ya ƙare a 90: na kasuwar cikin Japan ne, zangonsu ke nan a lokacin, lafiyarsa ƙalau.

Da na mayar da murfin ƙasa da na sama na bar shi yana aiki tsawon yini, domin zafin cikin rufaffen akwati ya fi na buɗaɗɗe, kuma ƙarfen murfi kansa yana iya ɗan taɓa saiti. Sannan na buɗe da sauri na sake aunawa: folt 13, kilohaz 19, allura a tsakiya. Na rubuta lambobin da abin da na canza a 'yar takarda na manna a cikin murfin, don wanda zai buɗe shi bayana ya san inda aka taɓa da inda ba a taɓa ba. Zuciyar koyil ta biyu da saitin sashen farko suna nan yadda masana'anta ta bar su, sai ranar da na samu na'urar samar da sigina da ma'aunin gurɓata.